Ɗakin Karatu Da Mutanen Gari

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa da yawa na Nijeriya ta Arewa, don jama'a su riƙa jin labarin yaƙi daga bakin Gwamnati, kada su dogara ga jita-jitar kasuwa. Da yaƙi ya ƙare sai ɗakunan suka zauna a hannun En'e, kowace En'e ta ɗauki wanda zai riƙa buɗewa da rufewa, tana biyansa daga baitulmali. A 1952 aka kafa babban ɗakin littattafai na Jihar Arewa a Kaduna, shi ne ya riƙa aika wa ƙananan da akwatunan littattafai, yana kuma kiran masu kula da su su zo a nuna musu aiki. To, cikin 'yan shekarun da suka biyo baya ne aka danƙa wa wani saurayi, wanda bai daɗe da fita Midil ba, mabuɗin ɗakin karatu na wani gari mai sarki, ba babba ba, ba kuwa ƙarami ba.

Ranar da ya buɗe ƙofa, abin da ya fara yi masa maraba shi ne warin jemage. Ga tebur dogo, ga kujeru, ga kabad an garƙame da kwaɗo, gara ta hau ta bayansa ta ci rabin abin da ke ciki. Abin da ta rage kuwa yawancinsa na Turanci ne, labarun ƙasashen da ƙanƙara ke sauka. Wanda ya riƙe wurin kafin shi ya yi masa gargaɗi ɗaya tak, ya ce kowane littafi ya ɓace a albashinsa za a yanke, saboda haka mai hankali ba ya buɗe kabad. Masu zuwa ɗakin ba su wuce akawuna biyu uku ba, su ma dara ke kawo su da la'asar.

Bai yi wata biyu ba sai Wakilin Makarantu ya kira shi, ya gaya masa Ma'aji ya kawo magana a majalisa, ya ce bai ga dalilin biyan albashi da kuɗin kananzir saboda ɗakin da babu kowa ba, ga shi kuwa ana neman wurin ajiye irin auduga. An daidaita a kan a jira sabon kasafin kuɗi, wanda a lokacin yakan fara ran 1 ga Afrilu. In ba a ga canji ba, a kwashe littattafai a zuba buhuna. Kada mai karatu ya yi saurin zargin Ma'aji. Kuɗin talakawa ne a hannunsa, abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne.

Dabarar farko da saurayin nan ya yi, har ya tsufa in ya tuna da ita sai ya yi dariya. Ya sami farar takarda ya rubuta sanarwa da kyakkyawan hannu, cewa ɗakin karatu na kowa ne, ba a biyan ko anini, ya manna a ƙofar fada da bakin kasuwa. Mako ya zagayo, ba wanda ya ƙaru. Akwai wani tsohon masinja da ke zama a inuwar ɗakin, wanda ya yi soja har ya je Bama, a can ya koyi haɗa baƙi. Shi ne ya dube shi ya ce, "Malam, wa ka rubuta wa takardar nan?"

Ya ce, "Mutanen gari mana, Baba."

Tsoho ya ce, "Waɗanda suka iya karanta ta sun san da ɗakin tuntuni. Waɗanda kake nema kuwa sun ɗauka takardar haraji ce, har kauce mata suke yi. Mai nama shi ke neman wuta, ɗana."

Ranar kasuwa sai ya ɗauki Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, ya tafi wurin Sarkin Kasuwa ya gaishe shi, ya roƙi a ba shi gefen rumfar maɗinka. Ya zauna ya shiga karantawa da ƙarfi. Da fari yara ne suka kewaye shi. Da ya kai kan kuɗin gyaɗa na bana sai ga manya suna matsowa, wani ya ce a maimaita, wani ya zaro wata takarda daga aljihu duk ta yi laushi don gumi, ya ce a duba masa ko abin da mai awo ya rubuta shi ne abin da ya gaya masa. Wata tsohuwa mai daddawa ta aiko da wasiƙar ɗanta da ke Kumasi, wadda ta yi kwana arba'in a ƙulle cikin gefen zane don ba ta son makwabta su ji asirinta. A nan ya gane abin da ba a koya masa a Midil ba. Mutanen nan ba ƙin karatu suke yi ba, kowa da abin da yake so a karanta masa, ba kuwa labarin ƙanƙara ba ne.

Daga nan ya mai da abin al'ada. In ya gama jarida sai ya buɗe Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, littattafan da suka fito daga gasar da aka yi a 1933, ko kuwa Magana Jari Ce, ya yi ta karantawa har ya kawo daidai inda kowa ya saki baki, sa'an nan ya rufe ya ce sauran sai bayan sallar isha'i a ɗakin karatu. Aka yi ta yi masa tsiya, ana cewa ya koyi halin 'yan kama. Amma da dare sai ga mutane.

Sai dai sun zo sun tsaya a ƙofa, sun ƙi shiga. Ya yi ta cewa bisimilla, suna cewa nan ma ya isa. Tsohon masinja ne ya sake warware masa. Ya ce ya dubi abin da ke cikin ɗakin. Kujera a garin nan ta akawu ce da Bature. Manomin da bai taɓa zama bisa kujera gaban ma'aikacin En'e ba, yaya za a yi ya hau ta yau, alhali ga akawun haraji a ɗaya gefen tebur? Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma shi ya hana ɗakin cika shekara da shekaru. Kashegari malamin ya tura teburin jikin bango, ya tafi wurin masu saƙar tabarma, suka ba shi huɗu bashi, ɗaya kyauta. Ya ajiye randa da moɗa a bakin ƙofa, da buta biyu. Daren nan har an rasa wurin ajiye takalmi.

Maganar malamai ta fi wannan wuya, gama a lokacin akwai masu ganin duk abin da aka rubuta daga hagu zuwa dama hanyar ɓata ce. Bai yi gardama da kowa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi zauren Liman, ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, an ba ni tsaron wani ɗaki, ga shi ni yaro ne. Na zo a duba mini abin da ke cikinsa, in akwai abin da bai kamata ba a gaya mini." Liman ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai aiko. Ya aiko da babban almajirinsa, ya kwana uku yana jujjuya littattafai, ya koma ya ce bai ga kafirci ba, amma kuma bai ga Ahalari ko Iziyya ko Risala ba, wane irin ɗakin karatu ne wannan? Malamin ya ce a taimake shi da su. Wani attajiri ya saya ya bayar sadaka, aka yi musu kanta ta sama, ba a ɗora kome a kansu. Aka kuma ƙulla cewa da an kira salla za a rufe littafi. Liman bai taɓa taka ɗakin ba har ya rasu, amma bai taɓa hana kowa zuwa ba, a garin kuwa an san ma'anar wannan.

Sa'a ta zo masa ta wani wajen, don lokacin ne Yaƙi da Jahilci ya kankama a Jihar Arewa, ana buɗe azuzuwan manya har ƙauyuka. Hukumar NORLA ta Zariya, wadda ta yi aiki har 1959, tana ta fitar da ƙananan littattafai masu araha, waɗansu da boko waɗansu da ajami, da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. Malamin ya lura da wani abu. Mutum ya yi wata da watanni yana fama da Ka Koyi Karatu, ya karɓi takardar shaida, in bai sami abin karantawa ba kafin damina ta wuce sai karatun ya zube. Saboda haka ya tafi wurin malamin ajin manya ya ce su haɗa kai, a riƙa yin ajin a ɗakin karatu, fitila ɗaya ta ishe su, duk wanda ya gama kuwa a rubuta sunansa cikin masu aro tun ranar.

Aro shi ne inda ya sa wuyansa. Ya buɗe kabad, ya san kuwa abin da aka ce game da albashi. Dabarar da ya yi ita ce lamuni. Ba ya ba mutum littafi sai shugaban sana'arsa ya tsaya masa, mahauci Sarkin Pawa, maƙeri Sarkin Maƙera, ɗan koli Sarkin Kasuwa. Su kuwa shugabannin abin ya yi musu daɗi, don an nuna an san girmansu, har suka riƙa bin yaransu da kansu suna tambayar ina littafin Malam. Duk da haka biyu sun ɓace a watan farko, aka yanke masa sule uku, ya koma gida bai gaya wa kowa ba.

Wajen mata dai bai yi abin kirki ba, kada a ɓoye. Matan aure suna kulle, shi kuwa namiji ne. Ya shirya ƙaramin akwati ya ba malamar makarantar 'yan mata tana shiga da shi gidaje, ya yi 'yan watanni yana yawo, da aka yi wa malamar canjin wurin aiki sai akwatin ya dawo ya zauna.

Abin da ya kusa rushe aikin duka siyasa ce. Zamanin NPC da NEPU ne, gari ya rabu biyu. Wani dare gardama ta tashi a kan wani labari na jarida, har aka ɗaga murya, kafin gari ya waye an kai fada cewa ɗakin karatu ya zama matattarar masu zagin sarauta. Aka kira shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, jikinsa na rawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka buga nake karantawa, ba na ƙari ba na ragi. In an yarda, a ba ni dattijo ɗaya daga fada ya riƙa zama da mu." Aka ba shi wani tsohon bafade, da nufin ya zama kunnen Sarki. Aka kafa doka, kowa ya ajiye jam'iyyarsa inda ya ajiye takalminsa. Bafaden nan kuwa, da aka fara Shaihu Umar, shi ne ya riƙa riga kowa zuwa, ranar da malamin ya yi mura har gida ya bi shi ya ji ko da sauƙi.

Da watan Maris ya kama aka zauna majalisa. Malamin ya kawo littafin da yake rubuta sunayen masu zuwa, amma ba a ko buɗe shi ba. Tun da safe Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa suka zo gaisuwa tare, abin da ba su saba yi ba sai da salla. Sarkin Pawa ya ce sun ji ana neman wurin ajiye irin auduga, to, su sun ɗauki nauyin gina rumbu da gayya, a bar musu ɗakinsu. Kalmar nan "ɗakinsu" ita ta tsaya wa Ma'aji a rai. Ya ce shi dai da ma kuɗin jama'a yake tsaro, tun da jama'a sun ce nasu ne, ba shi da ta cewa, sai dai a rage kananzir. Aka rage. Mahauta suka riƙa cika kwalbar duk ranar kasuwa.

Ba kowane gari ya yi wannan dace ba. A 1963 wani masanin aikin littattafai daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto a kan bukatunta, bai kuwa yaba halin da ya sami yawancin ɗakunan karatu a ciki ba. A 1967 aka raba Jihar Arewa shida, aka raba aikin babban ɗakin Kaduna a tsakaninsu, a 1976 kuma ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Malamin namu ya riga ya bar wurin kafin wannan, an ɗaga shi zuwa ofishin ilmi. Ana gobe zai tashi sai ga wani mai fataucin shanu ya yi sallama, ya kwance ƙullin tsumma, ya fito da Magana Jari Ce na biyu, bango ya fita, gefe ya yi baƙi don hannu. Ɗaya ne daga cikin biyun nan da suka ɓace. Ya ce Ikko ya tafi da shi, a zangon Agege kullum dare sai an taru an sa shi karantawa, shi ya sa ya daɗe. Ya ajiye sule ɗaya na tara, ya tambaya ko na ukun yana nan.