Gado Bakwai a Kwana Bakwai

Sati uku da ɗaura mana aure na miƙa wa amaryata takardar da na kwashe dare biyar ina tsarawa. Kowace rana da layinta: ƙarfe nawa za mu tashi, mil nawa za mu ci, a wane gari za mu sha mai, a gidan wa za mu kwana. Ta karanta har ƙasa, ta juya bayan takardar ko akwai saura, sannan ta ɗago ta ce, "Yallaɓai, a ina ne a cikin nan aka rubuta hutu?"

Duk lokacin da ta kira ni Yallaɓai na san akwai magana.

Hanyar da na zaɓa mana tana can ƙuryar arewacin Sikotlan. Sunanta North Coast 500, an ƙaddamar da ita da wannan suna a 2015 don jawo masu yawon buɗe ido, kuma zobe ce mai tsawon mil 516, wato kimanin kilomita 830, da ke tashi daga birnin Inverness ta zagaya bakin teku ta dawo inda ta faro. Da na ga adadin sai na yi irin lissafin ɗan Kano: ai bai kai nisan Kano zuwa Legas ba, tafiyar da direbobin Sabon Gari ke yi a dare guda. In an raba ta bakwai, me ya rage? Kowace rana ɗan abin da bai kai Kano zuwa Zariya ba. Har ina ganin na yi mana sassauci.

Dalilin tafiyar kuwa ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa yin aure a garinmu. Daga kamu zuwa kai amarya zuwa buɗar kai, daga nan kuma sai masu zuwa ganin ɗaki, gidan sabon aure ba ya zama na mutum biyu sai bayan wani lokaci. Ba ƙorafi nake yi ba, domin wanda ba a zo gidansa ba shi ne abin tausayi. Amma mun so mu je inda babu wanda ya san sunan kakanninmu, babu direba a gaba yana sauraron hirarmu, babu jagoran yawo yana ƙirga mu kamar awaki. Gwaggona, da labari ya kai mata, cewa ta yi idan kuɗi ne suka yi mana yawa ga Umara nan. Ban iya ba ta amsa ba, kuma har yau ban ce ba ta da gaskiya ba.

Kuskuren lissafina na farko shi ne ɗaukar mil na taswira a matsayin mil na ƙasa. Babban ɓangare na yammaci da arewacin hanyar nan titi ne mai faɗin mota ɗaya tak. Ba a raba shi hannu biyu ba. An dai yi wasu ƴan aljihuna a gefe, nan da can, inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. Ka'idar ita ce idan aljihun yana hagunka ka shiga, idan yana damarka ka tsaya daidai saitinsa a naka hannun, mai tahowa ya shiga. Ba a ajiye mota a ciki don ɗaukar hoto, kuma idan wani ya biyo ka a baya da sauri, ka raɓe ya wuce, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce za ta duba mara lafiya. Ga tumaki da ke kwanciya a kan kwalta, ga barewa da magariba. A irin wannan titi, abin da taswira ta ce awa biyu ne yakan cinye rabin yini. Akwai kuma hawan Bealach na Bà a kan hanyar Applecross, wanda ke haurawa mita 626 da kwanoni masu lanƙwasa kamar ƙugiya, har an kafa allo a gindinsa ana gargaɗin sababbin direbobi da manyan motoci su bi wata hanya. A takardata na sa shi a rana ta farko, da safe, sa'o'i kaɗan bayan saukarmu daga jirgin dare.

Duk wannan kuma a hannun hagu. Da na faɗa wa mahaifina sai ya yi dariya, ya ce shi a hagun ya koyi tuƙi, domin sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma hannun dama, kuma ya tuna yadda aka yi ta shela a rediyo kafin ranar. Shawararsa ɗaya ce: kada in ji tsoron titi mai cunkoso, tunda motar gaba za ta nuna mini hanya, in ji tsoron titin da ba kowa, da sassafe, lokacin da hannu ke komawa ga abin da ya saba. Da wannan shawara muka juya zoben gaba ɗaya. Maimakon mu fara da yamma, sai muka fara da gabas, inda babban titin A9 ke bin gaɓar teku ta Golspie da Helmsdale, mai faɗi, mai layi a tsakiya. Mutum ya samu kwana biyu yana sabawa da shataletalen da ake zagayawa ta hagu kafin ya shiga ƙunci.

Sai batun wurin kwana, wanda shi ne ainihin abin da ya ja ni zuwa wannan tafiya, kuma shi ne abin da na fi jahilta.

Abin da suke kira B&B gida ne na mutane, suna zaune a ciki, sun ware ɗaki biyu ko uku ko huɗu suna saukar baƙi, kuɗin kwana ya haɗa da karin kumallo. Na ɗauka ƙaramin otal ne mai araha. Ba haka ba ne. Babu mai jira a kanta dare da rana. Yawanci ana ba ka tsakanin ƙarfe huɗu zuwa shida ko bakwai na yamma ka iso, kuma idan za ka makara sai ka buga waya, domin matar gidan tana da nata uzurin. Karin kumallo yana da lokacinsa, galibi tsakanin takwas da tara, a teburin da wataƙila za ka zauna da wasu baƙin. Ba a ba da abincin dare, kuma a ƙauyen da gidan cin abinci ɗaya ne, wanda bai kama teburi tun da wuri ba zai kwana da biskit. Ba kowane ɗaki ne ke da banɗaki a ciki ba. Sai an karanta da kyau. Da yawansu suna rufewa da hunturu, da bazararsu kuma ɗakunan kan ƙare watanni kafin lokaci.

Ƙarancin ɗakunan yana da tarihi. Yankin Sutherland, wanda hanyar ta ratsa, yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin jama'a a Birtaniya, kuma ba haka Allah ya halicce shi ba. A farkon ƙarni na 19 masu mallakar ƙasa suka tashi dubban manoma daga kwaruruwan cikin ƙasa don a saki tumaki, aka ƙona rufin gidaje a Strathnaver a 1814 da 1819, wasu suka koma bakin teku, wasu suka haye Kanada. Shirun da ake tallata wa ango da amarya a yau, kufai ne. Na karanta wannan ina neman ɗaki a Durness, kuma ya sauya yadda nake kallon hotunan.

Mu da muka tashi a kan cewa baƙonka annabinka, akwai wani abu mai nauyi a biyan kuɗi don kwana a gidan mutum. A wurinmu baƙo ba ya biya, amma kuma ba ya zaɓar abin da za a dafa masa. A can kana biya, don haka kana da bakin magana, sai dai har yanzu gidan wani ne, kuma ladabin baƙo yana kanka. Wannan tsaka-tsakin ne ya sa na yi kwana biyu ina juya wasiƙar da zan aika musu. Cikakken karin kumallon Sikotlan ya ƙunshi naman alade iri biyu, da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, wani lokaci da haggis, wanda kayan cikin tunkiya ne da ba mu san yankansa ba. Na rubuta sakin layi uku ina bayanin halal da haram, har da ba da haƙuri. Amaryata ta karɓi wayar ta goge duka, ta rubuta layi biyu: mu Musulmi ne, ba ma cin nama a tafiyar nan, muna cin kifi da ƙwai, kuma muna roƙon a soya namu a kasko daban. Duk gidajen suka amsa ba tare da wata tambaya ba. Ashe ƙasar kifi ce: akwai kyafaffen salmon da ƙwai, akwai kyafaffen haddock, akwai kunun hatsin oats da suke alfahari da shi. Ita ce kuma ta sa ƙaramar butar roba a jerin kaya, ta kuma tuna mini cewa wasu tsofaffin gidajen har banɗakinsu da darduma, don haka alwala sai a hankali.

Salla ce ta zaɓa mana wata. Na so Yuni saboda dogon yini. Amma Inverness tana sama da digiri 57 a arewa, kuma a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, ta sake fitowa kafin huɗu da rabi, shafaƙi ma ba ya gushewa sosai a tsakani. Ko da rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli, mutumin da zai yi Magariba da Isha wajen sha ɗaya, ya tashi Asuba kafin uku, sannan ya kama sitiyari a bakin rami, ya ɗauko wa kansa aiki. A watannin nan ne kuma ƙananan ƙwarin da suke kira midges ke fitowa gari guda a yammacin ƙasar. Muka koma tsakiyar Satumba, lokacin da dare da rana suka kusa daidaita kamar a gida. Alƙibla a can kudu maso gabas take, abin da sai da na nanata wa kaina, tunda a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce.

Biza kuwa ta zo da nata ƙulli. Ba a neman bizar ziyara ta Birtaniya sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka, kuma hukumarsu ba ta son ka kashe kuɗin da ba za su dawo ba kafin ta yanke hukunci. Su kuma gidajen suna cika tun kafin nan, wasu suna son kafin alƙalami. Mafita ita ce kama ɗakunan da ake iya sokewa kyauta kawai, ko da sun ɗan fi tsada, da rubuta ranar ƙarshe ta sokewar kowanne a bango. Wani abin da ban yi tunaninsa ba shi ne gudummawar biki. Kuɗin da ƴan uwa da abokai suka turo sun shigo asusuna a dunƙule cikin sati biyu, kuma ga jami'in da ke duba takardun banki a wata ƙasa, wannan kama yake da kuɗin aro da aka zuba don a burge shi. Sai da na haɗa da takardar aure da katin gayyata da gajeren bayani a kan yadda ake biki a wurinmu.

Amma ba ɗaya daga cikin waɗannan ne ya kawo Yallaɓai ba. Abu biyu ne. Na farko gado bakwai: kowace safiya a naɗe kaya, kowace yamma a yi sallama da sabuwar fuska, a sake bayanin kasko daban. Ta ce wannan ba cin amarci ba ne, rangadin gwamna ne. Na biyu ya fi zafi. Kamfanonin hayar mota suna karɓar ƙarin kuɗi a kowace rana idan za a sa direba na biyu, kuma da nake rage kasafi, bayan na ga tsadar mota otomatik da kuɗin jinginar da za su riƙe a kati, na soke wannan layin ban tambaye ta ba. Matar da ke tuƙa kanta zuwa aiki kullum ta cikin cunkoson Kano, wadda ta riga ni samun lasisi da shekara biyu. Ban ma lura na yanke hukunci ba. A zuciyata ni ne a sitiyari, ita tana gefe tana kallon teku, kuma ban taɓa tambayar kaina daga ina na samo wannan hoton ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce idan na gaji a tsakiyar dutse, inshora ba ta san ta ba, don haka ko ta iya ba ta da ikon karɓa. Ta ce kuma ba ta bar gidan ubanta don ta zama kaya a kujerar gaba ba. Na yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da namiji ke yi yana neman hujja bai samu ba.

A daren muka sake takardar tare, ita da biro, ni da taswira. Gari bakwai suka koma huɗu: kwana ɗaya a Inverness ba tare da taɓa mota ba, ɗaya kusa da Thurso, biyu a Durness, uku a Ullapool. John o' Groats, da na sa don kawai a ce mun je, ta fita. Applecross ma ta fita, da hawanta da allon gargaɗinta, kuma daga Ullapool za mu yanke kai tsaye ta A835 mu koma Inverness, wato ba za mu cika zoben ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya amsawa a gabanta. Kuɗin man da muka rage da na dare ɗaya mai tsada da muka soke, su suka biya direba na biyu.

A Ullapool, a safiya ta biyu, matar gidan ta kawo kifin ba tare da mun sake cewa komai ba, ta tambaye mu ina muka nufa yau. Na buɗe baki zan duba takarda. Amaryata ta ce babu ko'ina, za mu dai taka zuwa bakin tashar mu ga jirgin ruwan Stornoway ya tashi. Makullin motar yana cikin jakarta tun daga Durness.