Garwa Da Tsofaffin Kayan Aikin Kanikawa

Garwa, babban birnin jihar Arewa ta ƙasar Kamaru, tana bakin Binuwai ne, watau kogin nan da ya ratsa Yola da Numan da Makurɗi ya je ya haɗu da Kwara a Lokoja. Baƙo in ya sauka akan kai shi ya ga babban masallaci, da filin ƙwallo na Rumde Ajiya inda aka buga wasu wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022, ko kuwa a tsaya da shi a kan gada ya leƙa dorina. Duk na ga waɗannan. Amma abin da ya fi riƙe ni a garin shi ne garejojin da ke ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, da akwatunan ƙarfen da kanikawa ke zama a kai, don kuwa wanda ya iya karanta abin da ke cikinsu zai ga hanyoyin da kaya suka riƙa bi suna shigowa arewacin Kamaru shekara da shekaru.

Bari in fara da bayanin kayan, saboda mai karatun da bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Akwai wata irin sifana mai hannu ɗaya da kawuna da yawa. Kowane kai kamar ɗan ƙoƙo yake, da lambarsa a jiki, ana kifa shi a kan noti. Hannun kuwa yana da haƙora a ciki, in ka tura sai ya kama, in ka dawo da shi sai ya yi ƙaras-ƙaras ya wuce, ba sai ka cire ka sake sawa ba. Kanikawan Nijeriya suna cewa soket da racet. A Garwa kuwa, ko da Fulatanci ake hira ko da Hausa, sunayen kayan aiki na Faransanci ne: sifana kile, kan nan duyi, hannun kuma kilike. Wani Ba'amurke mai suna J. J. Richardson ya yi rajistar irin wannan hannu tun 1863, kuma kamfanin Snap-on da aka kafa a Amurka a 1920 ya yi suna ne da sayar da hannu 5 da kai 10 waɗanda kowane ke shiga kowane.

Wani abin mamaki, ko da lambar kan ta milimita ce, ramin nan mai kusurwa huɗu da ke bayansa, inda hannu ke shiga, da inci ake auna shi a duniya duka: rubu'in inci, ko uku cikin takwas, ko rabin inci. Shi ya sa kan da aka ƙera a Jamus yake zama daram a hannun Faransa, na Japan kuma ya hau na Ingila. A garejin Garwa da wuya ka ga akwatin da kayansa duka na gida ɗaya ne. Tsince-tsince ne, wannan daga maigidan da ya koya wa mutum aiki, wancan daga gwanjon wani kamfani da ya tashi.

Mafi tsufa da na gani na Ingila ne, kuma dalilin yana bakin kogi. Jamusawa suka ci Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu a watan Yuni na 1915, daga baya ta zama ƙarƙashin Faransa. Amma hanyarta mafi sauƙi zuwa teku ta Nijeriya take. Da damina, in ruwa ya cika, jiragen ruwa sukan taso daga Burutu su hauro Kwara da Binuwai ɗauke da gishiri da siminti da mai, su koma da auduga da gyaɗa. Wata biyu ne zuwa uku kacal a shekara. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse wannan hanya, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 ya janye kayan zuwa Duwala, tashar jirgin ruwan kuma ta yi ta mutuwa a hankali. Abin da ya saura na wancan zamani, da na motocin Bedford da Land Rover da suka riƙa ƙetarowa daga Yola da Mubi, shi ne kawunan da aka rubuta wa King Dick ko Britool.

A nan ne karatun yake da daɗi. In ka ga kai an rubuta masa 1/4 W, to wannan awon Whitworth ne, Baturen da ya tsara wa Ingila awon noti a 1841. Lambar ba faɗin notin take nufi ba, kaurin ƙarfen da notin ke hawa take nufi, don haka bakin wannan kai ya ɗan ɗara milimita 13. Yaro ɗan koyo sai ya ɗauka lamba 13 ce da ta buɗe, ya kifa a notin Peugeot, ya ja, ya cinye masa kusurwa. Wani dattijon bakanike a unguwar Yalwa ya zazzage mini irin waɗannan daga cikin gwangwanin madara. Na ce, "Baba, me kake yi da su, tun da motocinsu sun ƙare?" Ya ce, "Malam, ai ba su ƙare duka ba. Ranar da aka jawo tsohuwar Land Rover daga daji aka ce a sauke giyarta, duk layin nan wurina za su zo aro." Gaskiyarsa kuwa, don tsofaffin motocin nan akwai notin Whitworth a akwatin giyarsu. Wanda aka rubuta wa AF kuma inci ne na sosai, faɗin notin ke nan, shi ne ke kwance katafila da sauran injunan Amurka.

Sai dai sarkin akwatin Garwa Facom ne, kamfanin Faransa da aka kafa a 1918. Auduga ce ta kawo shi da yawa. Kamfanin Faransa na CFDT shi ya fara riƙe noman auduga a arewa, a 1974 aka kafa Sodecoton mai hedkwata a nan Garwa, ga masaƙar Cicam, ga masana'antar siminti a Figil a kan hanyar Marwa. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924 ya kuma yi mulki daga 1960 zuwa 1982, bai bar garinsu a baya ba wajen ayyuka. Kowane irin wannan wuri yana da garejinsa, da manyan motocin Berliet da Saviem, da ƙananan Peugeot 404 da 504, kuma da yawa daga tsofaffin kanikawan gari a can suka koyi aiki. Facom yana da wata al'ada mai sauƙaƙa gane kayansa, harafin da ke gaban lamba shi ke faɗin girman ramin: R rubu'in inci, J uku cikin takwas, S rabin inci, K na manyan motoci, M kuwa inci guda cur. Kanikawan da ba su yi boko ba ma sun haddace wannan.

Na Jamus su ne suka fi saurin faɗin shekarunsu. In ka goge tsatsa ka ga "W. Germany" a jikin Hazet ko Stahlwille ko Gedore, to an ƙera shi ne lokacin da Jamus take rabe biyu, tsakanin 1949 da 1990. Sunan Gedore ɗin ma guntayen kalmomi ne, watau 'yan'uwa Dowidat na garin Remscheid, waɗanda suka kafa shi a 1919. A lura dai, akwai Gedore da aka ƙera a Indiya, an kuwa rubuta a jiki. Snap-on ya fi kowa kirki, tun 1927 yake buga wata 'yar alama da ke nuna shekarar ƙira, amma a Garwa sai an tona kafin a gan shi. In babu rubutu ko kaɗan, sai a ƙirga haƙora da kunne. Tsofaffin hannuwa haƙoransu ashirin da 'yan kai ne zuwa talatin, ƙararsu da kauri, na baya-bayan nan kuwa 72 ne ko fiye.

Sinawa sun gina madatsar ruwa ta Lagdo daga 1977 zuwa 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda mutanen Adamawa da Binuwai suka san sunanta sarai saboda ambaliyar 2012 da ta 2022. A yau kuwa kayan Sin sun cika kasuwa, tare da baburan da suka mamaye titunan garin. Lambobin da ke aiki ma sun sauya. Motar Turai 13 da 17 take so, Toyota da babur kuwa 10 da 12 da 14. Ba na cikin masu cewa duk sabon abu banza ne, akwai na Taiwan masu kyau ƙwarai. Amma wanda ake shimfiɗawa a kan buhu, an rubuta masa sunan wani babban kamfani da harafi ɗaya a karkace, ja ɗaya mai ƙarfi yake jira ya tsage.

Gyaran tsohon hannu ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Na zauna na ga ana yi. Ana jiƙa shi a kananzir ya kwana, a kwance murfin, a fito da ƙafar mai haƙora da ɗan harshen da ke kama ta da sifirin ɗinsa, a wanke da tsohon buroshin haƙori. Sau da yawa ba abin da ya karye, tsohon giris ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar kwalta. Shi ya sa masu hankalinsu ba sa cusa giris mai kauri, ɗigon man inji kawai suke sawa. Tsatsar waje kuwa ruwan tsamiya ko na lemun tsami yana cire ta, muddin ba a bari ya daɗe ya ci farin rufin ba. Abu biyu ke kashe waɗannan kaya. Na farko zura wa hannun dogon bututu don a karya noti mai taurin kai, haƙoran sai su zube, a ƙarshe a kai wa mai walda ya liƙe kan ya zama sanda kawai. Na biyu ɗora shi a kan dutsen wuta don ya yi ƙyalli, rubutun ya tafi, ba mai sake sanin ko na wane ne ko na yaushe.

Babbar barazana dai ita ce sikelin 'yan gwangwan. Bakanike ya rasu, 'ya'yansa wani ɗan acaɓa ne wani yana Yawunde, sai a kira mai sayen ƙarfe ya auna akwatin da kilo, Britool da Facom su tafi tare da karyayyen sifirin na mota a narke su a yi rodi. Alhali a Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara irin waɗannan, suna da littattafan kamfanoni na da, suna gwada lamba da lamba, suna saye da tsada don su jera a kabad. Ni ban damu a jera a kabad ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a layin da aka auna akwatin nan akwai yaran da suka gama koyon aiki suna neman kuɗin sayen kayan buhu.

Wanda ya je Garwa yana son ya gani da idonsa, ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Maris da Afrilu da ke wuce awo 40. Ya bi masu shimfiɗa tsofaffin ƙarafa a gefen babbar kasuwa, ran Lahadi kuma ya hau mota zuwa kasuwar Pitowa, ba nisa a kan hanyar Marwa. Ya riƙe ɗan tsumma da kwalbar kananzir a aljihu don goge rubutu, in ya ɗauki hannu ya kai kunne ya juya shi dama da hagu kafin ya taya.