"Tsufa ne kawai" ba amsa ba ce

Kalmar da ta fi yawa a bakin mutanen Garwa, daga Yelwa har Fulɓere, idan dattijo ko tsohuwa suka rame bayan rasuwar abokin zama, ita ce "tsufa ne kawai". Ana yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a naɗe tabarmi kowa ya watse, a bar mai takaba da kwanon tuwon da ba ta buɗe ba da zoben da ya fara zamewa daga yatsarta.

Baƙin cikin rashi yana barin alamar da ake iya aunawa a jiki. Kotisol, wato sinadarin da jiki ke saki idan hankali ya tashi, yakan rikice har barci ya gagara, jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni. Haka kuma CRP, furotin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a cikin jiki, yakan ƙaru ga masu ciwon damuwa. Tun 1969 Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka wallafa binciken maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama da matansu suka rasu a Birtaniya, inda mace-macensu a wata shidan farko ya ɗara na tsaransu masu aure da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Za a ce wannan raunin tawakkali ne, cewa haƙuri, ko munyal a bakin Fulani, ya wadatar. To Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mai tsananin haƙuri ne, amma idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya ragu.

Babu awon jini guda da ke tabbatar da ciwon damuwa, likita sai ya zauna ya saurara. Abin da iyali ke iyawa kaɗan ne amma yana da nauyi: a riƙa auna wa mai takaba hawan jini, a lura da ruwan da take sha a zafin Maris da Afrilu lokacin da Garwa ke haura digiri 40, a sa jika ya kwana a ɗakinta bayan arba'in, idan kuma wata shida ya wuce ba ta ci ba ta barci, ko tana yawan roƙon mutuwa, a kai ta asibiti.