Shokar gaba: gyaran da muke rainawa, alhali shi ke riƙe da ranmu

 Yau maganar moto na zo da ita. Inji da tsadar esansi kullum ana zancensu, don haka na bar su. Ina so mu yi maganar ƙafafun gaba, wato sandunan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda wasu ke ce ma shoka, masu bin bakin Faransanci kuma su ce amortisa.

Na yi shekaru ina yawon ƙauyuka da aikin gona bisa Yamaha DT 125, irin wadda muke kira moto kuros, wadda aka saba ba malaman gona da ma'aikatan rigakafi saboda shiga daji. Wanda ke irin wanga aiki, rabin hirarsa a rumfar masu gyara yake yin ta. Abin da na lura da shi a rumfunan nan, daga Cadawa har Tsibiri, iri ɗaya ne. Mai moto zai zo shi ce a yi mashi bidanj, a ja sarƙa, a duba birki, a liƙe taya. Da wuya ka ji wanda ya ce "Malam, duba mini shokar gaba." Sai ranar da ta fara zubar da mai har ƙasa, ko ta fara ƙara kwas-kwas kamar ana daka, sannan a tuna da ita.

To mene ne a cikinta? Abu biyu ne kawai, sifirin da mai. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin moto da na mai tuƙi. In taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, shi ke lanƙwashewa ya shanye bugun. Amma sifirin shi kaɗai ba ya da hankali, in ka danne shi ka saki sai ya yi ta tsalle. Man da ke ciki shi ke ladabtar da shi. Duk sa'ad da sandar ta nutse ko ta taso, dole man ya bi ta wasu ƴan ƙananan huji, kuma wahalar da yake sha wajen wucewa ita ke rage ma sifirin gaggawa. Akwai kuma iskar da ke saman man, can cikin sandar. Ita ma in an matse ta tana turowa, shi ya sa yawan man da aka zuba ke canza yadda shoka ke aiki in ta nutse sosai.

Da yawanmu mun ɗauka duk wannan don kar mazaunai su sha wuya ne. Jin daɗi yana ciki, amma babban aikin shoka shi ne ta riƙe taya manne da ƙasa. Wurin da tayar gaba ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba. Da wannan ɗan wurin kake karya kwana, kuma a kansa mafi yawan nauyi ke komawa in ka taka birki. In shoka ta mutu, taya sai ta riƙa ɗagawa tana dira. A daidai lokacin da take sama, ko ka matse birki ko ka juya kai, moto ba ta jinka. Faɗuwa da yawa da muke cewa "yashi ne ya kwashe ni" ko "birki ne bai kama ba", in an bi diddigi daga nan ta faro.

Masu tseren moto a ƙasashen waje sun san haka, shi ya sa sukan ɓata lokaci a kan shoka kamar yadda suke ɓatawa a kan inji. Dattawanmu na tune da tseren Paris-Dakar da ke ratsa Agadas a da. A karon farko, wanda aka kammala a watan Janairun 1979, Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya bisa Yamaha XT 500. Motocin tsere na yanzu shokarsu ta gaba na nutsewa wajen santimita 30, kuma tana da ƴan kusoshi biyu da ake murɗawa: ɗaya na saita saurin nutsewa, ɗaya na saita saurin dawowa. In filin yashi ne su ƙara mata tauri don kar gaba ya tsunduma, in ƙasa mai tsauri ce su sassauta. Kasea, Haojue, Royal da Boxer da muke hawa ba su da waɗannan kusoshi, kuma nutsewar tasu ba ta wuce wajen santimita 12 ko 13. Amma dokar ɗaya ce. Abin da su ke yi da murɗa kusa, mu da kaurin mai, da yawansa, da lafiyar sifirin muke yin sa.

Kuma in an duba, mun fi su buƙata. Shi mai tsere ya san filin da zai shiga. Mu kuwa a tafiya ɗaya sai ka bi hanya iri uku. Ka taso daga wani ƙauye na ƙasar Gangara cikin yashi mai laushi inda amalanke ta riga ta yi kwari biyu. Ka hau jar hanya mai gargada, wadda ke kaɗa haƙora. Ka fito kwalta, babbar hanyar nan lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Gidan Rumji, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa har Damagaram, inda ga manyan motoci, ga ramu, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari. Da damina kuma mutanen bakin Gulbin Maraɗi, su Tsibiri da Gidan Rumji, ga laka da santsi. Duk wannan shoka ɗaya ke ɗaukarsa.

Yanzu ga inda ake ɓata ta. Abu na farko, kuma shi ya fi yawa, zuba mata baƙin man da aka juye daga inji. Ana yi don araha, kuma wai don ta yi ƙarfi. Man bidanj cike yake da garin ƙarfe da datti, yana shiga sai shi fara cin sandar daga ciki kamar ana goga mata yashi. Ko sabon man inji ne, irin 20W-50, ya yi mata kauri. A hanya mai gargada shoka na nutsewa, kafin ta dawo wani tudun ya sake bugunta, ta ƙara yin ƙasa, har ta ƙare a dunƙule ba ta motsi. A nan ne za ka ji kamar taɓarya ka riƙe, bugun na zuwa kai tsaye a wuyan hannu da kafaɗa. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu abin ya fi muni, don man ya ƙara daskarewa. Yawancin ƙananan motocin nan man shoka mai lamba 10W suke so. In ba a samu ba, jan man nan na giyar mota mai canza kanta, wanda ake ce ma ATF, ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba.

Na biyu, cusa guntun bututu ko tarin wasa bisa sifirin da ya gaji. Ɗan kaɗan ba laifi, masu tsere ma suna yi da awo. Amma sifirin da ya riga ya kwanta, ƙarin ƙarfe ba ya mayar mashi da ƙuruciya. Gaba zai ɗaga kam, ka ga kamar an gyara, amma wurin da ya rage mashi na lanƙwashewa ya ragu, da ka faɗa rami mai zurfi sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Na uku, zuba mai da ido. Ƙafar dama ta sha da yawa, ta hagu kaɗan, ko a gyara ɗaya a bar ɗaya don ita ce ke yoyo. Sirinji babba na nan a kowane shagon magani. A auna, a zuba daidai wa daida a ƙafa biyun, gwargwadon abin da kamfanin moton ya ce. In man ya yi yawa shoka ba ta nutsewa har ƙarshe, kuma matsin na iya fasa sil. In ya yi kaɗan tana buga ƙasa.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa ba tare da ya kwance komi ba. Na farko: ka matse birkin gaba, ka danna kan moto da ƙarfi, ka saki. Mai lafiya za ta nutse sumul, ta taso sau ɗaya, ta tsaya. In ta yi ta lilo sama da ƙasa, mai ya ƙare ko ya zama ruwa. In ta taso a hankali kamar tsohon da ya tashi daga tabarma, man ya yi kauri. In tana sarƙewa, sai ka ƙara ƙarfi sannan ta faɗa gaba ɗaya, to ko sandar ta lanƙwashe ko an ɗaure ta a karkace.

Na biyu, awon zama. Ka ɗaga gaban moto har taya ta bar ƙasa. Ka yanko siririyar roba daga tsohon tib ka ɗaura a jikin sandar mai ƙyalli, ka tura ta ƙasa har ta taɓa bakin sil. In motonka mai rigar roba ce, sai ka ɗan ja rigar sama. Sannan ka sauke moton a hankali, ka hau ka zauna yadda ka saba, wani ya riƙe maka ita. Ka sauka, ka sake ɗaga gaban, ka auna tsakanin robar da bakin sil. Abin da ake so, nauyinka ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan nutsewar. Ga moto mai santimita 12, wajen 3 zuwa 4 ke nan. In ya kai rabi, sifirin ya gama aiki. Ka bar robar nan ka yi yawon yini guda, da yamma za ta nuna maka iyakar inda shokar ta kai.

Sai maganar kaya, don mu ba mu kaɗai muke hawa ba. Ranar kasuwar Cadawa ko ta Gazawa za ka ga moto da buhun aya ko na gero biyu a baya, ga mai kayan a zaune bisa. Ɗan kabu-kabu zai ce maka gaba na rawa, a ƙara ma shoka tauri. Alhali nauyin ne ya koma bayan tayar baya ya ɗage gaban, tayar gaba da ƙyar take taɓa ƙasa. Maganinsa a matso da kayan gaba, kuma a ɗaga shokar baya. Yawancinsu na da matakala a gindi da ake juyawa, amma mutane da yawa tun da suka sayi moto ba su taɓa ta ba. Wanda kuma ke ɗora buhu bisa tanki, shi gaba yake dannewa, kuma yana hana kan moto juyawa. Wannan kam ba gyaran da zai yi mashi magani.

A ƙasarmu babban maƙiyin shoka ƙura ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: rigar roba na yagewa, yashi ya manne a sandar, ya bi ta ya yanke sil, mai ya fara fita. Man da ya gangaro kuma bakin birki yake nufa. Goge sandunan da tsumma kowace safiya bai ɗaukar minti ɗaya. Rigar da ta yage a canza ta tun kafin sil ya tafi. In sandar ta yi tsatsa mai huji-huji, ko sil nawa ka sa sai ta cinye shi. Wadda kuma ta lanƙwashe a haɗari har ta yi ƙugu, don Allah kar a miƙe ta a mayar. Ƙarfen ya riga ya ji rauni, ranar da zai karye ba ya sallama. Shi kansa man, ko ba ya yoyo, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu na gajiyar da shi. Ni dai sau ɗaya a shekara nake canza nawa, bayan damina ta ɗauke.

Abin da ya sa na dage da wanga zance shi ne, a ƙauyukanmu moto ita ce motar ɗaukar maras lafiya. Mace mai naƙuda da tsakar dare, yaron da zazzaɓi ya sa shi sanƙarewa, wanda maciji ya sara a gona, duk bisa moto ake kai su likita, mutum uku a kai, mai riƙo a baya, fitila ba ta haska nesa. Mai tuƙin na sauri don rai ne a hannunsa. A irin wannan dare ba wanda ke da lokacin kauce ma kowane rami. Abin da aka zuba cikin shoka wata shida da suka wuce, shi ne zai nuna kansa.

Don haka ina roƙon iyayenmu masu gyara, ku da aka ba amana: in mutum ya ce a zuba mashi baƙin mai, ku gaya mashi gaskiya ko da zai ji haushi, kuma ku koya ma yaran rumfa awo da sirinji tun suna ƙanana. Masu ba da moto haya ana kawo muku kuɗi kullum, kar ku bar ma yaro gyaran shoka daga ɗan abin da ya rage mashi, don ba zai yi ba. Ku ƴan kabu-kabu kuma, kuɗin sil biyu da man kirki bai kai na ɗaurin karaya ba, balle watannin da za a yi a kwance gida ba shiga.

Wanda ya karanta, ya fita ya danna kan motonsa ya gani. Wanda kuma ke da ɗan'uwa da bai iya karatu ba, ya karanta mashi ko ya tura mashi da murya. Masu gyara da suka fi ni sanin aikin, in akwai abin da za ku ƙara, muna saurare. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.