Ajiya Maganin Wata Rana

Duk bayan girbi Baba yakan auna kwano biyu na irin gero ya aika wa Kawu a Bichi. Ina yaro na tambaye shi dalili, ga rumbunmu a cike. Ya ce, "Wuta ba ta sallama."

Ban gane ba sai da na fara rubuta wata ƙaramar manhaja ta lissafin bashin taki ga manoman shinkafar da ke noman rani a madatsar ruwa ta Watari, nan Bagwai. Wata huɗu ina aikin. Kowane dare nakan adana abin da na canja da Git, tsarin nan da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, in kwanta hankalina kwance. Ashe duk ajiyar tana cikin kwamfutar ce. Rumbu ɗaya ke nan.

Wani abokina ɗan Kano ne ya farkar da ni. Ya ce, "Malam, ka tura kuwa?" Na ce, "Ina?" Dariya ya yi har da riƙe ciki.

Washegari na nemi inda sabis ya fi ƙarfi, na buɗe ma'ajiya babu komai a GitHub, na rubuta git remote add origin tare da adireshinta, wato na nuna wa kwamfutata gidan Kawu. Da na ce git push sai aka ƙi karɓar kalmar sirrina, domin tun Agustan 2021 suka daina amsarta a wannan ƙofar. Dole na haɗa makullin SSH mai ɓari biyu, na ba su ɗaya, na riƙe na sirri. Sunayen manoma da bashinsu kuwa na sa su a .gitignore, na kwafe su a littafi. Amana ce, ba a kai ta gidan wani.

Da damina ta sauka, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan teburi. Kwamfutar ba ta sake tashi ba. Na ari ta abokina, na yi sabon makulli, na rubuta git clone, hannuna na rawa. Aikin wata huɗu ya dawo, ko layi ɗaya bai ɓata ba.

Da na ba Baba labari, bai tambayi mene ne GitHub ba. Cewa ya yi, "Shi mai ajiyar, ka san halinsa?" Na yi shiru. A daren nan na kwafi wani a filas, na sa shi cikin akwatin Inna.