Tun Ran Gini, Ran Zane

Da yawa daga cikinmu, in aka tambaye mu abin da mu ke so mu yi bayan mun gama makaranta, sai mu ce aikin ofis. Mu kan hango kanmu bayan wani ƙaton tebur, ga fanka tana juyawa, ga masinja a bakin ƙofa. Amma ba safai mu kan tambayi kanmu ta ina haske zai sauko wa wannan tebur ba. Ni kuwa a hutun bazarar da ta wuce na ga abin da ya tabbatar mini cewa wannan tambaya ita ce ta farko. Fenti da labule da sauran ƙawa duk a bayanta su ke.

Garinmu Giwa Tazo ne, cikin ƙaramar hukumar Maiyama ta Jihar Kebbi. Mu manoma ne, kamar maƙwabtanmu na Jega da Aliero, ana noma gero da dawa da shinkafa da albasa. Mahaifina shi ne magatakardan wata ƙungiyar manoma. Shi ke rubuta sunan kowa, da zubin da ya yi, da buhunan takin da ya karɓa. Ya ce tun watan Nuwamba na 2015, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, takardu suka yi wa ƙungiyoyi yawa, kome sai an cika fom an dangwala yatsa.

Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. Dā kanti ne, an shafe bangonsa da shuɗin fenti mai duhu. Rufin kwano ne babu silin. Ƙofa tana kallon kudu, taga ɗaya tak tana kallon yamma, teburin Baba kuwa ya ba tagar baya. In ya buɗe ta, inuwar kansa ce ke faɗawa kan kundi. Da azahar ta gota rana ta leƙo, tilas ya rufe ta sabo da zafi, sai ɗakin ya koma kamar cikin rumbu.

Bara, lokacin rabon taki, Baba ya duba kundi da la'asar ya karanta 3 a matsayin 8. Aka ba wani buhu takwas maimakon uku, har ya zuba a gona kafin a gane. Sai da Baba ya sayar da raguna biyu ya cike gurbin. Asarar ragunan ba ta dame shi ba kamar maganganun da suka biyo baya. Wasu suka ce ya tsufa, wasu suka faɗi abin da ya fi wannan muni. Shi da ya yi shekara da shekaru yana riƙon amanar jama'a, sai ga shi yana cewa in an gama damina zai ajiye aikin.

Bayan an cire albasa kuɗi sun ɗan shigo hannu, 'yan ƙungiya suka yi karo-karo don a gyara ofishin. Alhaji shugaba mutum ne mai son abu mai kyau. Ya ga wani ofis a Birnin Kebbi ya burge shi, ya ce irinsa ya ke so: baƙin gilashi a taga, silin mai ado, ƙananan fitilu masu launi kewaye da shi, da koren fenti mai duhu. Da Baba ya faɗa mini haka muna cin tuwon dare, sai na ce, "Baba, in aka yi wannan, kuɗin zai ƙare, kundi kuwa yana nan cikin duhunsa." Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, me aka koya muku a kai?"

Ga abin da malaminmu na Fiziks ya koya mana, na kuwa zayyana wa Baba shi a bayan wata tsohuwar takarda. Yawancin mutane in za su sayi ƙwan fitila, wat su ke tambaya. Alhali wat abincin da ƙwan ke ci ne kawai. Hasken da ya ke fitarwa da luman a ke auna shi, hasken da ya sauka kan murabba'in mita ɗaya kuma shi ne laks. Ƙwan dā mai zare, mai wat 60, yana ba da luman wajen 800, sauran abin da ya ci zafi ya ke zama. Ƙwan LED na yanzu mai wat 9 yana ba da wannan hasken. Masana uku 'yan asalin Japan, watau Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano shuɗin LED wanda da shi a ke yin farin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014.

A ƙa'idar da a ke bi a Turai, wurin karatu da rubutu a ofis yana bukatar laks 500. Ɗakin su Baba murabba'in mita 20 ne. In aka ce ko'ina sai ya sami laks 500, ana bukatar luman 10,000, watau ƙwai 13, ko da babu wanda bango ya shanye. Ina ƙungiyar ƙauye za ta iya ciyar da wannan, ga halin wutar lantarki a karkara kowa ya sani? Amma ai ido ba a ko'ina ya ke aiki ba, kan tebur ya ke aiki, tebur kuwa bai kai murabba'in mita biyu ba. Ƙwai ɗaya mai hula, in an sauko da shi kusa, ya ishi kundi. Sa'an nan a sa huɗu a sama don sauran ɗakin. Biyar ɗin gaba ɗaya wat 45 za su ci, ba su kai abincin tsohon ƙwai guda ba.

Na kuma gaya masa abin da ya fi sanyaya masa zuciya. Idon mutum, in ya haura shekara arba'in, ya kan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, kuma hasken da ke isa can cikin idon ɗan shekara sittin bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan ashirin ba. Watau ɗakin da ya ishe ni karatu bai ishi Baba ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ɗakin ma yana da nasa laifin."

Sai dai lissafin ƙwai rabin magana ne, domin yawancin aikin ofis da rana a ke yinsa. Sauran rabin wurin wani tsohon magini na same shi, wanda aka kira ya duba bango. Ya fara sana'arsa da tubali da azara tun kafin bulo ya zo garinmu, duk muna ce masa Baba Magini. Da ya shiga ɗakin bai taɓa bango ba, taga ya fara nunawa da sandarsa. Ya ce, "Wa ya huda muku nan? Tagar yamma ai ƙofar wuta ce. Rana in tana tsaka rufi ke tare ta, in ta karkata sai ta shigo ta zauna da kai."

Na ce, "Baba, to ina ya kamata a huda?" Ya ce arewa. Ya fitar da ni waje da tsakar rana ya ce in nemi inuwata, sai ga ta ƙarƙashin ƙafafuna. Abin ya yi daidai da darasinmu na labarin ƙasa. Ƙasarmu tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana ta kan bi ta tsakar kanmu a ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokatai ta kan ɗan karkata arewa kaɗan, har 'yar rumfa ta isa ta tare ta, sauran watanni kuwa ta kudu ta ke bi. Sabo da haka tagar arewa hasken sararin sama ta ke kawowa, mai laushi, wanda ba ya kashe ido, tun safe har yamma.

Ya ce maginan dā, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, sun san zafin ƙasarmu sarai. Shi ya sa soro ke da bango mai kauri da 'yan tagogi can sama, a kuma shafe ciki da farar ƙasa. Amma soro na zama ne da hira da barci. Mai karatu bakin zaure ya ke fitowa da littafinsa. Ofis kuwa dole a kawo wa mutum bakin zauren har inda ya ke zaune.

Saura shawo kan Alhaji shugaba, wannan kuwa ba aikin yaro ba ne. Baba da Baba Magini suka gayyato shi ofis da la'asar. Na ɗauko fararen zannuwan gado biyu daga gida muka rataya a bango, nan take ɗakin ya washe kamar an kunna fitila. Farin bango ya kan mayar da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa, mai duhu kuwa shanye yawancinsa ya ke yi. Baba ya ce, "Alhaji, ka ga baƙin gilashin nan, kuɗi za mu biya mu kori haske, mu sake biyan kuɗi mu sayo wani." Alhaji ya yi dariya ya ce gani ya kori ji, amma fa korensa yana nan. Baba Magini ya ce ai koren ma yana da aiki: a shafa shi da fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, inda mutane ke jingina, don yana wankuwa, daga nan zuwa sama a sa fari.

Haka aka yi. Aka huda babbar taga a arewa, da gilashi garai-garai mai buɗewa, da ragar sauro, da 'yar rumfa a kanta. Tagar yamma aka toshe ƙasanta, aka bar 'yar ƙarama can sama don iska mai zafi ta sami mafita, aka dasa dogon yaro a bayanta. Aka buga farin silin marar ado, wanda ya tare zafin kwano. Kuɗin da adon zai ci aka sayo farantin sola da batir a Jega.

Kafin a yi shafe, sai da aka shigo da tebur aka ajiye shi inda zai zauna, sa'an nan mai wayarin ya ja wayarsa. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Teburin yana kallon gabas, taga tana hagun Baba, don da dama ya ke rubutu, kada inuwar hannunsa ta rufe alƙalami. Fitilar tebur makunninta dabam, in batir ya yi rauni a kashe na sama a bar ta. An nisanta ƙwayayen sama da fanka, domin in fikafikanta na gilmawa ƙarƙashin fitila hasken ya kan yi ta ƙyaftawa har kai ya yi ciwo. Mun zaɓi ƙwai mai lamba 4000 a jikin kwalinsa. Mai 2700 ja-ja ne kamar fitilar ƙwai, mai 6500 kuwa fari ne fat mai ratsin shuɗi, ya fi kuma tara ƙwari da dare. Kabad ɗin takardu na ƙarfe aka ɗora shi kan bulo, aka ɗan janye shi daga bango sabo da gara da laima.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kujerar manomi. Dā mai zuwa biyan zubi tsaye ya ke yi yana kallon taga, ba ya ganin fuskar magatakarda sai duhunta, balle abin da aka rubuta. Yanzu zama ya ke yi, haske ɗaya ya sauka kan fuskokinsu da kan kundi. Baba ya kan juya masa littafin ya ga lambarsa da idonsa kafin ya dangwala. Cikin wasiƙar da ya aiko mini makon jiya ya ce an gama rabon takin bana babu ko gardama ɗaya, maganar ajiye aiki kuma bai sake tayar da ita ba.

To, 'yan'uwa, mu ma kowane dare muna zaman firef. Kowa ya duba inda ya ke zama, ya ga ko inuwarsa ce ke kan littafinsa, in kuma hunturu ya zo mu riƙa goge ƙurar ƙwayayen ajinmu da gilashin tagogi. Iyayenmu kuma, duk wanda zai gyara ofis, ko kanti, ko shagon ɗinki, ina roƙonsa ya tsaya cikin ɗakin da safe, da azahar, da la'asar, ya ga ta inda rana ke shigowa, ya san inda mai aiki zai zauna, tun kafin ya kira mai fenti. Nan zan dakata. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar.