Tarwadar Kwamfuta a Kirikasamma

Bayan sallar asuba muka bar Haɗejiya muka kama hanyar Nguru, ni da ɗan ƙanwata mai shagon zane da buga kati. Wasu masunta a ƙasar Kirikasamma ne suka kira shi ya yi musu tambarin da za su manna a allon ƙungiyarsu da jikin kwale-kwale. Shinkafa ta nuna a fadama, amma duk inda ido ya faɗa kan ruwa sai ka ga kachala ta yi masa ƙawanya. Madatsun Tiga da Challawa, na 1974 da 1992, sun sauya tafiyar kogin yankin, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu wurare, ciyawar ta samu wurin zama.

A gindin tsamiya aka yi mana shimfiɗa. Yaron ya buɗe CorelDraw, manhajar nan ta Kanada da ta fito a 1989, wadda masu buga kati daga Kano har Haɗejiya suka fi sabawa da ita. Ya zana da'ira biyu, ya ɗora gefen ɗaya kan ɗaya, ya zubar da saura ya bar inda suka haɗu kaɗai. Sai ga jikin kifi. Ya kawo siffa mai kusurwa uku ya jingina a baya, ya yi musu walda suka zama abu guda, sannan ya huda ido da wata 'yar da'ira.

Na ce, "To waldar ta mece ce, tunda ido ba ya ganin bambanci?"

"Kawu, injin yanka sitika ba ido yake bi ba, layi yake bi. In na bar su a ɗore, wuƙar za ta ratsa tsakani, wutsiya ta rabu da jiki."

Wani dattijo da ya daɗe yana leƙe ya gyara murya. "Ɗana, wannan ai karfasa ce. Mu tarwada muke so."

Aka kwashe da dariya, aka aiki wani yaro ya kawo tarwada mai rai a roba. Nan aiki ya koma sabo: jiki dogo, kai faffaɗa, ƙaya ɗaya doguwa a gadon baya da sai da aka datse ta da wata siffa kafin ta kwanta. Gashin baki ya fi ba da wuya. Aka yi ta gardama kan adadinsa har dattijon ya kama kifin ya ƙirga, takwas cif. Ɗan ƙanwata ya ƙara musu kauri kafin walda, don siririn sitika ba ya jure rana da ruwa. A ganina rabin zanen na dattijon ne, duk da bai taɓa kwamfutar ba.

Batir ya mutu da azahar, muka kai caji wurin mai sola. Hakan ya cinye lokacin da na ware wa Baturiya, dausayin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, sai muka juyo Haɗejiya inda injin yake.

Mai karatu, in ka sa an yi maka tambari, karɓi ainihin fayil ɗin zanen. Hoton da aka turo ta WhatsApp ɗigo-ɗigo ne, da an ƙara masa girma zai dishe, kuma injin yanka ba zai sami layin da zai bi ba.